Harajin wiwi: ladan kuturu da askin da ke biye da shi

A garin Smiths Falls da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada akwai wata tsohuwar masana'anta da kamfanin Hershey ya shekara 45 yana yin cakulan a cikinta. A 2008 ya kulle ƙofa ya tafi, ɗaruruwan mutane suka rasa aiki a garin da mazaunansa ba su cika dubu 10 ba. Ginin ya zauna kango na wasu shekaru, sai wani ƙaramin kamfanin noman tabar wiwi mai suna Tweed ya shigo, ya rataye fitilu a ɗakunan da ake ajiye injuna, ya jera tukwanen shuka. Wannan kamfani shi ne ya zama Canopy Growth. A 2018, shekarar da Kanada ta halatta shan wiwi, katafaren kamfanin barasa na Amurka, Constellation Brands, ya zuba masa kimanin dala biliyan 4. Har wurin karɓar baƙi aka gina, masu yawon buɗe ido suna leƙen ganyen ta cikin gilashi kamar masu kallon jariri a asibiti. Jaridu suka yi ta rubuta cewa wiwi ta farfaɗo da gari. A watan Fabrairun 2023 kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 800 da rufe wannan masana'anta. Bayan wata shida ya sayar da ginin kan dalar Kanada miliyan 53. Wanda ya saya kuwa Hershey ne, mai cakulan ɗin da ya tafi tun farko.

Duk inda ake gardamar halatta wiwi, hujjar da ta fi saurin shiga kunne ita ce ta kuɗi. Ana cewa da doka da babu doka mutane suna sha, kuɗin kuma yana tafiya aljihun 'yan fasa-ƙwauri, to me zai hana gwamnati ta karɓi kasuwar, ta ɗora haraji, ta gina makarantu, ta samar wa matasa aiki? Magana ce mai daɗin ji, musamman ga gwamnatin da bashi ya yi wa katutu. Masu adawa saboda addini ko tarbiyya suna da tasu amsar, kuma yau ba ita zan bi ba. Zan karɓi hujjar kuɗin a yadda masu ita suka kawo ta, in auna ta da ma'auninsu. Yanzu an haura shekara goma da fara gwaji a wurare da dama, alƙaluma sun taru, an wuce zamanin cinikin biri a sama. Abin da na gani a cikinsu shi ne, a duk hujjojin da masu son halattawa suke da su, ta harajin ce ta fi rauni.

Jihar Kolorado ta Amurka ita ce makarantar kowa a wannan fanni. Jama'arta sun kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2012, aka buɗe shaguna ranar 1 ga Janairun 2014. Harajin ya yi ta hawa shekara bayan shekara har ya kai kusan dala miliyan 423 a 2021, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida. Kuɗi ne, ba wanda zai ce ba kuɗi ba ne. Amma kasafin jihar na wannan shekara ya haura dala biliyan 30, wato ko a shekarar da kasuwar ta fi garawa, wiwi ba ta kawo kashi 2 cikin 100 na abin da jihar take kashewa ba. Daga nan kuma harajin ya juyo ƙasa, shekara bayan shekara. A lokacin yaƙin neman ƙuri'a an yi wa iyaye alƙawarin cewa dala miliyan 40 na farko a kowace shekara za su tafi ginin makarantu, kuma an cika alƙawarin. Sai dai a Amurka dala miliyan 40 da ƙyar take gina babbar sakandare guda ɗaya. Kalifoniya, wadda ta fi kowace jiha girman kasuwa, tana tara dala biliyan ɗaya da 'yan kai a shekara, a cikin kasafin da yake kusan dala biliyan 300. Ko rabin kashi ɗaya cikin 100 bai kai ba.

Dalilin da ya sa harajin yake hawa sannan ya sauko shi ne abin da masu kamfe ba sa son a daɗe a kai. Wiwi ciyawa ce. Ba ta da wuyar nomawa, ba ta buƙatar wata ƙasa ta musamman. Tsadar da take yi a inda aka haramta ta, ladan kasada ne. Manomin da ke ɓoye gonarsa a bayan dutse, da direban da ke ɗauko buhu a ƙarƙashin wasu kaya, da dillalin da ya san kowace rana za a iya cafke shi, kowannensu yana ɗora kuɗin tsoron gidan yari a kan farashi, ga kuma na toshiyar baki a hanya. Ranar da aka halatta, wannan tsoro ya gushe, kuɗinsa ma ya bi shi. Abin da ya rage shi ne kuɗin iri da taki da ruwa da wuta da leburori, kamar kowane amfanin gona. Tun a 2010 masu bincike na cibiyar nazari ta RAND da ke Amurka suka yi hasashen cewa idan Kalifoniya ta halatta, farashin kafin haraji zai iya faɗuwa da fiye da kashi 80 cikin 100. Da yawa sun ɗauka zuzutawa ce. A jihar Mishigan, awon oza ɗaya, wato kimanin giram 28, da ake sayarwa sama da dala 500 a farkon 2020 ya dawo ƙasa da dala 100 a 2023. A Kolorado farashin sari na awon fam ɗaya, wato kusan rabin kilo, ya sauko daga kusan dala 2,000 a 2015 zuwa ƙasa da dala 700 a 2023.

Kuskuren lissafin yana nan. Ana ɗaukar darajar kasuwar bayan fage, a ce ta kai biliyan kaza, sai a ɗora mata harajin kashi 20 ko 30 a kan takarda, a fito da adadi mai ƙyalli a kai wa majalisa. An manta cewa mafi yawan wannan biliyoyin haramcin ne ya ƙirƙire su, kuma suna narkewa da zarar an ɗage shi.

Daga nan sai gwamnati ta samu kanta tsakanin gara da zago. In ta ɗora haraji a kan farashi, kamar jihar Washinton mai karɓar kashi 37 cikin 100, to duk faɗuwar farashi faɗuwar kuɗin shigarta ce. In ta ɗora a kan nauyi, sai ta shaƙe kamfanonin. Kanada ta zaɓi dalarta ɗaya a kan kowane giram, ko kashi 10 cikin 100, duk wanda ya fi yawa, bisa zaton giram zai tsaya a wajen dala 10. Da farashin da masu noma ke sayarwa ya karye, wannan dala ɗaya ta koma tana cin kusan sulusin cinikinsu, har kamfanonin suka tara bashin haraji na ɗaruruwan miliyoyi da suka kasa biya. Ga kuma kwantai: a 2021 kaɗai sun lalata fiye da tan 400 na wiwin da ba a saya ba. In kuwa harajin ya yi yawa, mashayi ya koma wajen tsohon dillalinsa, wanda bai biya lasisi ba, bai kai kayansa ɗakin gwaji ba, kuma har ƙofar gida yake kawowa. Kalifoniya ta sha wannan. Fiye da rabin ƙananan hukumominta sun hana buɗe shago a yankunansu, haraji ya hau kan haraji, har yau mafi yawan wiwin da ake sha a jihar ba ta hanyar shagunan lasisi take bi ba. A 2022 dole ta sa aka soke harajin noma ɗungurungum. A 2025 aka ɗaga harajin sayarwa daga kashi 15 zuwa 19, bai yi wata huɗu ba aka mayar da shi inda yake.

Batun ayyukan yi ba zan daɗe a kai ba. Gaskiya ne an samu ɗaruruwan dubban ayyuka masu albashi a Amurka da Kanada, kuma aikin da yake da takardar albashi ya fi wanda ake yi ana waige. Sai dai wani kaso na ayyukan dama yana nan a ɓoye, fito da shi fili kawai aka yi. Kuɗin da mashayi ya kashe a shagon wiwi kuma ba daga sama ya faɗo ba, daga aljihunsa ya fito, da bai saye ta ba da ya sayi wani abu da shi ma ake biya wa haraji. Kuɗin da za a kira sabo da gaske shi ne na baƙi masu tsallako iyaka, kuma wannan garaɓasa ta wanda ya riga kowa ce. Kolorado ta ci moriyarta a lokacin da babu maƙwabciyarta ko ɗaya da ta halatta. Da jihohi fiye da 20 suka biyo baya, baƙon ya tsaya a gida.

A 2023 wasu masana uku na reshen Babban Bankin Amurka da ke birnin Kansas suka kwatanta jihohin da suka halatta da waɗanda ba su yi ba. Sun samu matsakaicin kuɗin shigar mutum ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, farashin gidaje da kashi 6, yawan jama'a da kashi 2. A ɗaya shafin kuma, masu fama da jarabar ƙwaya sun ƙaru da kashi 17, masu daɗewa ba matsuguni da kashi 35. Sun kuma lura cewa jihohin farko ne suka kwashi mafi yawan ribar. Bincike ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma ana iya gardama a kan ko halattawar ce ta jawo duka waɗannan sauye-sauye. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka rarraba riba da asara. Ribar ta bazu a kan kowa kaɗan-kaɗan, asarar kuwa ta taru a kan mutane ƙalilan, kuma ta yi musu nauyi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato wane ne ainihin mai biyan harajin. A tallace-tallace ana nuna ma'aikaci mai natsuwa da ke busa ɗan hayaƙi a ƙarshen mako. Irin wannan mutum yana nan, kuma su ne suka fi yawa a cikin masu sha, amma ba su ne ke riƙe da kasuwa ba. A lissafa: mai sha sau ɗaya a wata, ko ya sha rabin giram kowane zama, giram 6 zai saya a shekara. Mai sha kullum da ke ƙone giram ɗaya da rabi a rana zai sayi sama da giram 500. Mutum ɗaya irin na biyun ya kusa daidai da 90 irin na farkon. Mai shago ya san da haka, akawun kamfani ma ya sani. Kamar yadda yake a kasuwar barasa da taba sigari da caca, mafi yawan ciniki yana fitowa ne daga tsirarun da abin ya zame wa jiki. Saboda haka kamfanin da masu hannun jari ke jiran ribarsa duk wata uku ba shi da hanyar girma sai ya ƙara yawan masu sha kullum, ko ya ƙara wa kayan ƙarfi. Duka biyun sun faru. Sinadarin THC mai sa maye, wanda a wiwin da ake kamawa a Amurka a 1995 yake wajen kashi 4 cikin 100, yanzu a shagunan lasisi abu ne mai sauƙi ka samu fure mai kashi 20, ga kuma tataccen mai da ke haura kashi 70, ga alewa da lemo da aka cuɗa da shi. Wani nazari da Jonathan Caulkins na jami'ar Carnegie Mellon ya fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022, a karon farko, Amurkawa masu shan wiwi kullum ko kusan kullum, miliyan 17.7, sun zarce masu shan barasa haka nan, miliyan 14.7.

Gwamnatin da ta saka harajin wiwi a kasafinta ta zama abokiyar cinikin waɗannan kamfanoni, ko ta so ko ta ƙi. Ma'aikatar lafiya tana son a rage sha, ma'aikatar kuɗi tana addu'ar ciniki ya ƙaru, kuma duk wanda ya san yadda ake zaman kasafi ya san muryar wa ta fi ƙarfi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matsalar ita ce ladan yana shigowa ta ƙofa ɗaya, da rasit, ana iya karanta adadinsa a gaban 'yan jarida. Askin kuwa a warwatse yake: gadon asibitin ƙwaƙwalwa a nan, yaron da ya haɗiyi alewar mahaifinsa aka garzaya da shi sashen gaggawa a can, hatsarin mota, ɗalibin da ya bar karatu, ma'aikacin da ba ya iya tashi da safe. Babu ma'aikatar da ke tattara waɗannan a shafi guda, ballantana a cire su daga harajin a ga abin da ya rage. Wani ɓangaren ma ba gwamnati ce ke biya ba, uwa ce ko mata, kuma ba a rubuta su a kasafi.

Duk da haka masu son halattawa suna da hujjar kuɗi guda ɗaya da ba zan iya musantawa ba, sai dai ba ta haraji ba ce. Ita ce tsadar kama mutane. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka, ACLU, ta ƙiyasta cewa a 2010 jihohin ƙasar sun kashe kimanin dala biliyan 3.6 wajen kamawa da gurfanar da waɗanda aka samu da wiwi, kuma baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a kama shi kusan sau huɗu, alhali yawan shansu kusan ɗaya ne. Wannan kuɗin 'yan sanda ne da kotu da gidan yari kawai. Babbar asarar tana zuwa daga baya. Saurayi ɗan shekara 19 da aka kama da ƙulli ɗaya ya fito da tabo a takardunsa, duk inda ya nemi aiki a tambaye shi ko an taɓa ɗaure shi, ya rasa hayar gida, ya rasa lamuni. Tattalin arziƙi ya yi asarar guminsa na shekara 40 saboda abin da bai kai kuɗin abincin rana ba. Wanda ya ce haramci kyauta ne bai duba wannan shafin ba. Haka nan dole a faɗa cewa Kanada ta yi nasarar janye kasuwa daga hannun masu laifi fiye da yadda 'yan adawa suka zata: a binciken gwamnatinta na 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na masu sha sun ce a shagon lasisi suke saye.

Amma daina ɗaure mashayi abu ɗaya ne, buɗe wa kamfanoni kasuwar neman riba kuma wani abu ne dabam, kuma masu neman lasisi suna jin daɗin a cakuɗa su. Fotugal ta daina ɗaukar mallakar ɗan abin sha a matsayin laifin kotu tun 2001 ba tare da ta buɗe shago ko ɗaya ba. Yurugwai, ƙasar farko da ta halatta a Disambar 2013 a zamanin shugaba José Mujica, ta ƙi bin hanyar kasuwa da gangan. Mai son saye sai ya yi rajista, ya je kantin magani, ya ɗora yatsa a na'ura ta tantance shi, a ba shi abin da bai wuce giram 40 a wata ba, a farashin da gwamnati ta ƙayyade. Babu talla, babu sayar wa baƙo. Jamus a Afrilun 2024 ta yarda baligi ya riƙe giram 25 a waje, ya shuka tushe uku a gida, ko ya shiga ƙungiyar noma da ba ta neman riba mai mambobi da ba su wuce 500 ba, amma ba shagon kasuwa. Lardin Kubek na Kanada shi ma ya riƙe sayarwa a hannun kamfanin gwamnati, ya ɗaga shekarun saye zuwa 21. Waɗannan tsare-tsare suna da nasu giɓin. Yurugwai ta fara da wiwi mara ƙarfi, masu sha suka ci gaba da zuwa wajen dillali, dole ta riƙa ƙara ƙarfin kayanta. Kuma babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ta samu wani kuɗin a zo a gani. A ganina wannan rashin kuɗin shi ne alamar cewa sun fahimci abin da suke yi.

Ga ƙasashe matalauta kuwa, wani mafarkin ake sayar musu: ku noma ku fitar waje, rana kyauta, lebura da araha, zinare ne kore. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne babu wata halattacciyar kasuwar duniya ta wiwin nishaɗi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe ga magani da bincike, kuma ƙuri'ar da aka kaɗa a hukumar Majalisar mai kula da miyagun ƙwayoyi a Disambar 2020, ƙasashe 27 da 25, ta cire ta ne daga jerin mafiya haɗari kawai, ba ta buɗe iyaka ba. Ko a cikin Amurka, manomin Oregon da kaya suka yi masa kwantai ba shi da ikon tsallaka da su zuwa wata jiha. Abin da ya rage shi ne kasuwar magani, ita kuma ƙarama ce, masu saye kamar Jamus da Ostireliya suna buƙatar shaidar cewa an noma kuma an sarrafa kayan da ƙa'idar haɗa magunguna: rumfar gilashi, ɗakin busarwa mai auna sanyi da laima, gwajin kowane ɗauri, kyamarori, katanga. Jarin miliyoyin daloli ne.

Lesoto ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara ba da lasisin noman wiwin magani, a 2017. Mutanen tsaunukanta sun daɗe suna noma ta a ɓoye suna tsallakar da ita Afirka ta Kudu, da ita suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Da lasisi ya zo, kuɗinsa ya fi ƙarfin duk wani mai gona a kan tsauni, sai kamfanoni masu jarin waje suka kwashe. Manomin da ya shekara 30 yana gudun 'yan sanda yana nan a matsayin mai laifi, sai dai 'yarsa ta samu aikin tsinke ganye a rumfar baƙo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A yankin Mpondoland na Afirka ta Kudu, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2018 da ya ba kowa damar shukawa a gidansa don kansa, ƙananan manoman karkara sun ga masu sayen birni sun ragu, farashi ya zube. Ko a arewacin Kalifoniya, gundumomi ukun da suka shahara da noman wiwi tun shekarun 1970, ƙananan gonaki sun yi ta durƙushewa bayan halattawa, domin manyan rumfunan kudu sun fi su araha. Maroko ce na ga ta ɗan yi tunanin manomi: dokarta ta 2021 ta keɓe halattaccen noma ga larduna uku na tsaunukan Rif inda dama ake yi, ta wajabta wa manoma shiga ƙungiyoyin gama-kai, a 2024 kuma Sarki Muhammad na Shida ya yi wa fiye da mutum 4,800 da ake tuhuma ko aka hukunta kan noman wiwi afuwa. Amma ko a can, gonakin lasisi ɗan yanki ne idan aka kwatanta da masu noma wa 'yan sumoga.

Akwai kuma kuɗin tafiyar da tsarin kansa, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. A gonar lasisi a Kolorado kowane tushe yana ɗauke da alama mai lamba da na'ura ke karantawa, ana bin sawunsa a kwamfuta tun yana dashe har a girbe shi, a auna, a gwada, a sayar. In nauyin da aka girbe bai yi daidai da wanda ya isa shago ba, mai sa ido zai zo ya tambaya. Da wannan ake hana kayan lasisi zurarewa kasuwar bayan fage, da shi ake sanin harajin da ya kamata a biya. Yana buƙatar ma'aikatan da ba a saye su, da ɗakunan gwaji masu gaskiya, kuma ko a Amurka an sha kama ɗakunan gwaji suna ƙara adadin THC a takarda don faranta wa masu kawo musu aiki. Gwamnatin da ba ta iya hana jabun magani shiga kantunanta, ba ta iya karɓar haraji daga sana'o'in da ake yi a bainar jama'a, ban ga ta inda za ta iya ƙirga ganye ba. Abin da za ta samu shi ne faɗuwar farashi da ƙaruwar masu sha, harajin kuma ya tsaya a takarda.

Tailan ta gwada halattawa ba tare da wannan shiri ba. Ranar 9 ga Yunin 2022 ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi kafin majalisa ta zartar da dokar da za ta tsara kasuwar. Ministan lafiya na lokacin, Anutin Charnvirakul, ya ƙaddamar da rabon tushe miliyan ɗaya kyauta, da alƙawarin sabon amfanin gona ga talakan karkara. Cikin ɗan lokaci shaguna fiye da dubu 10 suka tsiro, titin Khao San na Bankok ya cika da alluna masu hoton koren ganye. Manoman da suka ci bashi suka gina rumfuna sun tarar kasuwa ta cika maƙil, har da kayan da aka yi fasa-ƙwaurinsu daga waje, farashi ya karye a hannunsu. Babu wani haraji na musamman da aka tanada, saboda haka baitulmali bai ga abin kirki ba. Filayen jiragen saman Ingila kuwa suka fara kama matafiya da akwatuna shaƙe da wiwin Tailan. A watan Yunin 2025, kwanaki kaɗan bayan jam'iyyar Anutin ta fice daga gwamnatin haɗaka, sabon umarni ya fito cewa ba a sayar wa kowa sai da takardar likita. Masu shagunan da suka zuba jarinsu shekara uku da suka wuce bisa maganar gwamnati suka taru a ƙofar ma'aikatar lafiya suna zanga-zanga, wasu suka fara neman likitan da za su ɗauka aiki ya zauna a shago yana rubuta takarda.